Zafin Injin MRI da Lissafin da Ke Kare Kan Majinyaci

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu leƙa ɗakin ɗaukar hoton MRI, wato wannan babban injin mai rami a tsakiya da ake tura majinyaci ciki a kan gado, yana ta ƙara ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ko laka ko gwiwa.

Duk wanda aka taɓa yi wa wannan hoto, ko ya taɓa raka ɗan'uwa, ya ji abin da ma'aikacin yake ta nanatawa: "Baba, don Allah kada ka motsa." "Hajiya, ki daure, saura kaɗan." Yawancinmu mun ɗauka dalilin guda ne, kada hoto ya fito dishi-dishi. Haka ne. Amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba, shi ne zafi. Injin yana ɗumama jiki, kuma yawan ɗumin da wurin da zai taru sun dogara da abu biyu: irin eriyar da aka kewaye kai da ita, da inda kan yake a cikinta.

Kafin mu yi nisa, a kwantar da hankali. MRI na cikin hanyoyin binciken lafiya mafi aminci da ake da su. Ba ya amfani da irin hasken da ke cikin hoton ƙashi na eksire, kuma ana yi wa miliyoyin mutane shi duk shekara su tashi lafiya lau. Manufarmu ita ce a san yadda aka yi ya zama mai aminci, da rabon aikin da ke wuyan majinyaci.

Mu fara daga tushe. Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma kowace ƙwayar ruwa tana ɗauke da ƙwayoyin haidirojin biyu. A tsakiyar kowace haidirojin akwai wani ɗan mitsitsin abu da ake kira furoton, wanda shi kansa ƙaramin maganaɗisu ne. Da an shigar da mutum cikin babban maganaɗisun injin, sai waɗannan furoton su karkata su bi layinsa, suna juyawa da wani sauri ƙayyadadde. Daga nan injin zai aiko musu da igiyar rediyo wadda kaɗawarta ta yi daidai da saurin juyawarsu, ta ture su daga layi. Ana ɗauke igiyar, sai su koma mazauninsu suna fitar da wata sigina mai rauni ƙwarai. Ita ake kamawa, kwamfuta ta mai da ita hoto. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka bayyana wannan ɗabi'a a Amurka a 1946. A shekarun 1970 Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka nuna yadda za a samu hoto daga gare ta, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2003.

Ana auna ƙarfin maganaɗisu da tesla. Kowace tesla ɗaya tana sa furoton ya juya sau miliyan 42 da rabi a daƙiƙa guda. Don haka injin mai tesla 1.5 yana aiki a kan megahaz 64, mai tesla 3 a kan megahaz 128, mai tesla 7 kuwa a kan kusan megahaz 300. Ku duba jikin akwatin rediyonku, za ku ga tashoshin FM suna tsakanin 88 da 108. Ke nan injin MRI maƙwabcinmu ne a zango, shi ma gidan rediyo ne. Shi ya sa ake lulluɓe bangon ɗakinsa da jan ƙarfe, don kada shirye-shiryen tashoshin gari su kutsa su ɓata hoto.

Bambancin shi ne, eriyar gidan rediyo tana can nesa da kai da kilomita masu yawa, ta MRI kuwa tana kewaye da jikinka, tana harbo ƙarfin da ya kai dubban wat a cikin gajerun bugu, kowanne bai wuce ɗan yanki na daƙiƙa ba. Kaɗan ne ƙwarai daga wannan ƙarfi yake tafiya wajen ture furoton. To ina sauran? Igiyar rediyo tana da ɓangare biyu, na maganaɗisu da na lantarki. Na maganaɗisun shi ake so, shi ke yin hoto. Na lantarkin kuwa ba a gayyace shi ba, amma ba ya rabuwa da ɗan'uwansa. Naman jikinmu da jininmu akwai gishiri a ciki, lantarki yana iya ratsa su, kuma duk inda lantarki ya ratsa abin da ke ɗan tirje masa, zafi ne ke fitowa.

Masana suna auna wannan da wani ma'auni da suke taƙaita sunansa da SAR, ma'ana wat nawa kowane kilo na jiki yake sha. Hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, IEC, ta sa masa iyaka a cikin ƙa'idarta mai lamba 60601-2-33. A aikin yau da kullum, jiki gaba ɗaya ba zai sha fiye da wat 2 a kowane kilo ba. Idan akwai buƙata kuma ana sa ido a kan majinyaci, ana iya hawa zuwa wat 4. Kai shi kaɗai, iyakarsa wat 3.2 a kowane kilo. Ana ɗaukar matsakaicin waɗannan a cikin kowane minti 6. Manufar ita ce kada zafin cikin jiki ya ƙaru da fiye da rabin digiri a matakin farko na yau da kullum, ko digiri ɗaya a mataki na biyu na sa ido. Don ku gane girman abin, mutum mai kilo 70 da ke zaune yana hutawa, jikinsa da kansa yana samar da zafin da ya kai wat 80 ko kusa da haka. Idan injin ya ƙara masa wat 140, zai ji ɗumi, ƙila ya yi ɗan gumi, jikin lafiyayye kuma ya san yadda zai fitar da wannan.

Akwai iyaka ta biyu, wadda ita ce zuciyar shirinmu na yau. Ita ba ta duban jiki gaba ɗaya, tana duban kowane ɗan yanki mai nauyin giram 10, wato ɗan nama mai faɗin santimita biyu da 'yan kai ta kowane gefe. A cikin kai, babu irin wannan yanki da aka yarda ya sha fiye da wat 10 a kowane kilo a matakin farko, ko 20 a mataki na biyu. Me ya sa? Saboda ana iya samun kai gaba ɗaya yana ƙarƙashin iyaka, alhali wani lungu guda a cikinsa ya tara zafi fiye da kima. Kuma sassan kai ba ɗaya suke ba wajen huce zafi. Ƙwaƙwalwa jini yana gudana a cikinta da yawa, yana kwashe zafi da sauri. Amma ƙwayar gilashin da ke cikin ido, wadda yana ke kamawa, ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, don haka ba ta hucewa da wuri. Har yau lissafin da ake hasashen wannan da shi ya samo asali ne daga aikin wani likita, Harry Pennes, wanda ya auna zafin hannun mutane ya wallafa a 1948.

Yanzu ku saurara da kyau. Injin ba shi da ma'aunin zafi a cikin kan majinyaci. Babu wanda zai soka maka ƙarfe a ƙwaƙwalwa don ya ga ko ta ɗumama. Abin da injin yake iya aunawa shi ne ƙarfin da ya fita daga gare shi da wanda ya dawo. Sauran duk lissafi ne. Wannan ne dalilin da ya sa ake tambayar nauyinka, wani lokaci har da tsawonka, kafin a fara. Su kuma masu ƙera injin sun riga sun gwada shi a kan mutanen da aka gina a cikin kwamfuta, da fata da ƙashi da kitse da ƙwaƙwalwa, kowane sashe da irin yadda yake karɓar lantarki. Shahararru daga cikinsu su ne waɗanda cibiyar IT'IS ta birnin Zurich ta samar tare da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA: namiji babba mai suna Duke, mace mai suna Ella, da yara biyu, Billie da Thelonious. Ana kwantar da irin wannan mutum na kwamfuta a cikin eriya ta kwamfuta, a ga inda zafi zai taru. Amma mutumin kwamfuta ba ya tari, ba ya haɗiyar yawu, ba ya gajiya da kwanciya. Inda aka ajiye kansa, nan za a same shi.

Mu juya ga eriyar, wadda ma'aikata ke kira koyil. Aikinta iri biyu ne, aikawa da karɓa. A injinan tesla 1.5 da 3, mai aikawar babba ce, tana ɓoye a cikin bangon ramin, majinyaci ba ya ganinta. Yawanci ƙirarta ita ce wadda Cecil Hayes da abokan aikinsa na kamfanin General Electric suka fito da ita a 1985: zobba biyu manya da aka haɗa da sanduna a jere, ake kiranta kejin tsuntsu. Kyawunta shi ne tana baza igiyar daidai wa daida a tsakiyar ramin. Ita kuwa wannan hular da ake kifa wa mutum a ka, galibi saurare kawai take yi. A cikinta akwai ƙananan zobba masu yawa, wata 32, wata har 64, bisa dabarar da Peter Roemer ya wallafa a 1990. A duk lokacin da babbar eriya za ta yi harbi, injin yana kashe kunnen waɗannan ƙanana, don kada su kama ƙarfin su yi zafi. To da yake mai aikawar tana da faɗi kuma tana nesa da kai, idan ka gusa da santimita ɗaya, ba wani babban canji da za a samu a rabon zafi.

Labari ya sauya da zuwan injin mai tesla 7. A 2017 hukumar FDA ta amince a fara amfani da irinsa na farko wajen duba marasa lafiya, na kamfanin Siemens, don hoton kai da gwiwa. Amfaninsa a fili yake: yana nuna ƙananan tabo a ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya da siraran jijiyoyin jini waɗanda ƙaramin inji ba ya gani. Sai dai ya zo da matsala biyu. Ta farko, zafi ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin maganaɗisu, yana wuce shi. Idan aka ninka ƙarfin sau biyu, zafin bugu iri ɗaya yana ninkuwa kusan sau huɗu. Ta biyu, tsawon igiyar yana raguwa. A cikin naman jiki, tsawonta a tesla 1.5 ya kai kusan rabin mita, a tesla 3 kusan santimita 26, a tesla 7 kuwa kusan santimita 12. Kan babban mutum ya fi wannan faɗi. Don haka igiyoyin da suka shigo ta ɓangarori daban-daban suna karo da juna a cikin kai. A wani wuri su haɗu su ƙara ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Sai hoto ya fito da haske a tsakiya, da duhu ta wajen kunnuwa da ƙeya. Ɓangaren lantarkin ma haka yake yi, yana dunƙulewa a wasu wurare.

Injiniyoyi suka samo mafita a farkon shekarun 2000. Maimakon eriya ɗaya mai harbi da murya guda, sai a kewaye kai da ƙananan eriya 8 ko 16, kowace da nata injin ƙara ƙarfi, a daidaita ƙarfin kowace da lokacin harbinta, har duhun ya cike. Dabara ce mai kyau. Amma wannan 'yanci da ya ba da damar gyara ɓangaren maganaɗisu, shi ne kuma yake iya sa ɓangaren lantarki ya taru a inda ba a zata ba. Ga shi kuma a wannan inji, masu aikawar suna cikin hular kanta, 'yan santimita kaɗan daga fata.

Ku ɗauki uwargida da ta ɗora tukunyar tuwo a murhu, ta tura itace ta kowace kafa, ta daidaita shi yadda wuta za ta ci gindin tukunya ko'ina daidai. Sai tukunyar ta ɗan zame a kan duwatsu ta karkata gefe guda. Ba a ƙara itace ba, wuta ba ta ƙaru ba, wanda ke ƙirga itacen da ya ƙone zai rantse komai lafiya. Amma tuwo ya kama ta gefe ɗaya. Injin da ke ƙirga ƙarfin da ya fitar shi ne mai ƙirga itace. Iyakar giram 10 ita ce mai leƙa gindin tukunya.

Masu sauraro, za mu ɗan dakata. Idan mun dawo, za mu ga abin da ke faruwa idan kai ya gusa, sannan mu dawo gida mu ga abin da ya shafe mu kai tsaye.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Barkanmu da dawowa. Muna magana ne a kan zafin da injin MRI ke sa wa jiki, da yadda motsin kai da ƙirar eriya suke shafarsa.

Idan kai ya gusa a cikin irin wannan hula mai eriya da yawa, abu uku ne ke faruwa lokaci guda. Na farko, kusanci. Ɓangaren lantarki ya fi ƙarfi dab da wayoyin eriya da kafasitocinta, wato ƙananan sassan da ke tara lantarki, kuma yana raguwa da sauri da an ɗan ja baya. Kunne ko goshi ko hanci da ya matsa kusa da eriya guda, zai sha fiye da abin da aka lissafa masa. Na biyu, kai da kansa yana cikin da'irar lantarkin. An saita kowace eriya ne da kai a wani matsayi. Da ya gusa, saitin ya gurɓata, wani ƙarfin ya koma baya, wani ya tsallaka zuwa eriyar da ke maƙwabtaka. Na uku, nisan da kowace igiya za ta yi kafin ta isa wani wuri a cikin kai ya canza. Inda aka tsara igiyoyi biyu su kashe juna, yanzu suna iya haɗa ƙarfi.

Masu bincike a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Emre Kopanoglu, sun bi diddigin wannan a wani aiki da suka wallafa a 2020. Sun ɗauki kan mutum na kwamfuta a cikin eriya mai sassa 8 ta injin tesla 7, suka tsara bugun rediyo da kai a tsakiya, sannan suka riƙa gusar da shi dama da hagu, gaba da baya, suna juya shi, ba tare da sun canza bugun ba. Suka ga a yanayi mafi muni, zafin da ke taruwa a lungu guda yana iya haura ninki biyu na abin da aka lissafa da farko. A fahimta, wannan gwaji ne a kwamfuta, kuma an nemi mafi munin yanayi ne da gangan. Masu ƙera injuna suna barin rata tsakanin abin da injin ke yi da iyakar da aka sa, sannan nama yana ɗaukar mintuna kafin ya ɗumama. Darasin shi ne, lissafin da aka yi da kai a wuri ɗaya ba ya zama hujja idan kai ya koma wani wuri.

Kuma su wa suka fi motsi? Yara ƙanana, masu cutar Parkinson da jikinsu ke karkarwa, tsofaffi masu ciwon mantuwa, da wanda ciwo ya hana shi natsuwa. Su ne kuma suka fi buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, kuma da yawansu ba za su iya cewa "ina jin zafi a nan" ba.

Akwai wani ci gaba da ya ƙara wa batun nauyi. Yanzu akwai injinan da ke bin motsin kai da kyamara, ko da wasu gajerun hotuna na gwaji, su riƙa gyara hoton nan take. Mutum yana motsi, hoto yana fitowa tas. A da, hoto ya lalace ne ma'aikaci zai san an motsa, ya tsaya ya gyara kwanciya. Yanzu ana iya goge wannan shaida, alhali gyaran hoto bai taɓa lissafin zafi ba. Shi ya sa masu bincike suke ƙoƙarin haɗa biyun, yadda in kyamara ta ga kai ya gusa, lissafin zafi ma zai bi shi.

To me masu ƙera eriya suke yi? Suna da zaɓi, kowanne da tsadarsa. Idan suka faɗaɗa hular, eriya ta yi nesa da fata, motsi ba zai yi tasiri sosai ba, amma sai an ƙara ƙarfi kafin a samu hoto. Idan suka matse ta, aiki ya yi kyau, amma ɗan gusawa kaɗan ya zama babban abu. Suna rarraba kafasitoci da yawa a jikin waya maimakon ɗaya babba, don kada lantarki ya dunƙule a wuri guda. Wasu sun bar ƙirar zobe sun koma eriya miƙaƙƙiya, wadda masana a Utrecht ta ƙasar Holan suka yi fice wajen bunƙasa ta, saboda igiyarta tana shiga ciki da nisa. Wasu kuma suna haɗa zobe da miƙaƙƙiya. A ɓangaren lissafi, a 2011 Gabriele Eichfelder da Matthias Gebhardt suka fito da hanyar taƙaita dubban ɗaruruwan wurare na cikin jiki zuwa 'yan wakilai kaɗan da kwamfuta za ta iya sa wa ido ana cikin ɗaukar hoto. Idan aka gina waɗannan wakilai daga kawuna iri-iri a matsayi iri-iri, an rufe ƙofar motsi. Sai dai duk ratar kariya da aka ƙara, tilas a rage saurin bugu, hoto ya daɗe. Wanda ya daɗe a kwance kuwa, shi ne mai motsi. Nan ne gwanintar take, kuma buƙatarta ƙaruwa take yi, domin Jami'ar Minnesota a Amurka tana ɗaukar hoton mutane da tesla 10.5, a Faransa kuma injin Iseult mai tesla 11.7 ya fitar da hotunan ƙwaƙwalwar mutane na farko a 2024.

Yanzu mu dawo gida. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga injinan MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma yawancinsu ƙarfinsu bai kai tesla 1.5 ba. A irin waɗannan injina da masu tesla 1.5, ɗan motsin kai ya fi ɓata hoto da lokaci da kuɗi fiye da kawo haɗarin zafi. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne ƙuna a fata. Da ma'aikatan hukumar FDA suka tantance rahotannin haɗurran MRI da suka iso gare su tsakanin 2008 da 2017, kashi 59 cikin 100 na zafi da ƙuna ne. Kuma dalilan duk ɗaya ne da abin da muka bayyana: kusanci da eriya, da hanyar da lantarki ya samu ya bi.

Idan hannu ko kafaɗa ta jingina da bangon rami, ta kusanci babbar eriya ke nan, shi ya sa ake cusa soso a tsakani. Idan ka harɗe hannuwa, ko cinyoyi ko dugadugai suka taɓa juna fata da fata, jikinka ya zama zobe, lantarki zai zagaya ya taru a daidai inda fatar ta haɗu. Wayar na'urar auna bugun zuciya da aka naɗe ko aka ɗora a kan fata tana iya yin zafi. Duk wata doguwar waya eriya ce, kuma zafinta a baki yake taruwa. Tsawon da ya fi haɗari ya kai kusan santimita 26 a tesla 1.5, da kusan 13 a tesla 3. Saboda haka, abin da aka dasa wa mutum a jiki, kamar batirin zuciya ko wayar da ake sa wa a ƙwaƙwalwa, yana iya zama lafiya a wannan inji ya zama haɗari a wancan. Wasu ma sharaɗinsu shi ne a yi amfani da ƙaramar eriyar kai mai aikawa da karɓa, don kada igiya ta kai ƙirji. Duk mai irin wannan ya zo da takardarsa.

Iyayenmu mata, a ranar hoto a wanke kwalli da kwalliyar ido, domin wasunsu akwai ƙarfe a ciki. A cire fil na hijabi da na ɗankwali, da 'yan kunne da duk wani ƙarfen kitso. Leshi da mayafi masu zaren ƙyalli a bar su a gida, a sa rigar da asibiti ya bayar. Iyayenmu maza, zobe da laya da guru duk a cire, ko da ba a ganin ƙarfe a jikinsu. Mai haƙorin Makka ya faɗa. Mai sana'ar walda da ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido, da wanda harsashi ya taɓa samu, su faɗa tun kafin su taka ƙofar ɗakin, domin su har jan maganaɗisun ma haɗari ne a gare su. Takunkumi mai waya a hanci a cire shi. A ƙarshen 2020 hukumar FDA ta yi gargaɗi bayan irinsa ya ƙona fuskar wani majinyaci. Filastar magani da ake mannawa a fata, wata tana da alminiyam a bayanta, a nuna wa ma'aikaci. Kada a shiga da jiƙaƙƙen gashi ko rigar da gumi ya jiƙa.

Ƙasarmu kuma ƙasar zafi ce. An tsara waɗancan iyakoki ne da ɗakin da bai wuce digiri 25 ba. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, jiki ba zai iya fitar da zafi yadda aka lissafa ba, dole a sassauta aikin ko a jira. Mai zazzaɓi, da mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, da jarirai da tsofaffi, duk a sanar da ma'aikaci halin da suke ciki. Wanda aka yi wa allurar barci ba zai iya ƙorafi ba, shi ya fi kowa buƙatar a duba kwanciyarsa.

'Yan'uwanmu ma'aikatan ɗakin hoto, ku ɗora majinyaci a sikeli, kada ku ƙiyasta nauyinsa da ido. Ku daidaita kai a tsakiyar hula, ku tokare shi da soso ta kowane gefe, ku miƙe wayoyi. Minti biyun da za ku ɓata kuna yi wa tsoho bayani da harshen da yake ji ya fi sake hoto daga farko.

Kai kuma majinyaci, za a ba ka wani ɗan ƙwallon roba a hannu. Ɗumi a jiki gaba ɗaya ba abin damuwa ba ne. Amma in ka ji wuri guda yana zafi ko yana suka, matsa ƙwallon nan take. Mun san mutanenmu da dauriya da kunya, ba a son a ce an dami ma'aikaci. Nan ba wurin kara ba ne, domin fatarka ce kaɗai ma'aunin zafin da ke cikin ramin. In tari ya taso ko wuya ya gaji, jira ƙarar ta tsaya ka yi magana, a gyara maka kwanciya a ci gaba. Kada ka gyara da kanka ana cikin ɗauka.

Amincin wannan hoto aikin mutum uku ne. Injiniya ya yi lissafi da kai a wani matsayi. Ma'aikaci ya ajiye kanka a wannan matsayi, ya ba injin nauyinka na gaskiya. Kai kuma ka faɗi abin da ke jikinka, ka tsaya inda aka ajiye ka, ka yi magana in ka ji abin da ba ka gane ba. In ɗaya ya saki nasa, na sauran biyun ya raunana.

A nan za mu dasa aya. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba ƙarar da wannan inji yake yi, daga ina take fitowa, da yadda ake kare kunne daga gare ta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)